Sashe na 42: Abin da tsarin mulki ya ce a kan wariya da gata

Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 gajere ne, ƙananan sassa uku kacal, a Babi na Huɗu inda aka jera haƙƙoƙin ɗan Adam. Ya lissafa abubuwa shida da ba za a nuna wa ɗan ƙasa bambanci a kansu ba: al'ummar da ya fito, ƙabilarsa, mahaifarsa ta asali, jinsinsa, addininsa da ra'ayinsa na siyasa.

Jama'a sun fi sanin rabin farko na ƙaramin sashe na ɗaya, wato kada wata doka ko wani matakin gwamnati ya ɗora wa mutum takunkumin da ba a ɗora wa sauran 'yan ƙasa ba. Rabi na biyu ne ba a cika son ji ba: kada kuma a ba shi wata alfarma ko fifikon da aka hana wasu. Tsarin mulki bai raba zalunci da gata ba. Jami'in da ya hana ka gurbin karatu don addininka ya karya doka, haka shi ma wanda ya ba ka gurbin don "ai namu ne". Sashen ya kuma ce ba sai an rubuta wariyar ɓaro-ɓaro ba. Ko da ƙa'ida ta yi kyau a takarda, idan wajen aiwatar da ita wani ɓangare kaɗai take dannewa, ta shiga cikin abin da aka haramta.

Ƙaramin sashe na biyu ya hana tauye mutum saboda yanayin haihuwarsa. A kansa Kotun Ƙoli ta tsaya a 2014 a shari'ar gidan Ukeje, inda 'yan uwa suka nemi hana Gladys Ukeje gadon mahaifinta, wanda ya rasu tun 1981, bisa al'adar Ibo da ke cire 'ya mace daga gado. Kotu ta ce al'adar ta saɓa wa tsarin mulki, ta rushe ta. Kada a cakuɗa: ba rabon gado na Musulunci aka kai gaban kotu ba, al'ada ce da ke barin mace hannu rabbana.

Akwai wasu nasarorin. A 2009 Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal ta soke sharaɗin da ke tilasta wa matar aure kawo takardar amincewar miji kafin a ba ta fasfo. A Yunin 2022 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan biyu, ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas, bayan shekaru ana kai ruwa rana.

To amma kundin da ya hana wariya shi ne kuma ya bar mata ƙofofi. Ƙaramin sashe na uku ya ce ba za a rushe wata doka don kawai ta sa iyaka wajen naɗin muƙamin gwamnati ko ɗaukar soja da ɗan sanda ba. Sashe na 14(3) ya kawo tsarin raba daidai tsakanin jihohi, sashe na 147(3) kuma ya ce kowace jiha a ba ta minista, kuma lallai ya zama ɗan asalin jihar. Manufar ba ta da laifi, an so ne kada yanki ɗaya ya mamaye gwamnati. Abin da ta haifar a ƙasa dai shi ne takardar indijin.

Duk wanda ya taɓa neman aikin gwamnati ko tallafin karatu ya san ta. Sai ka bi mai unguwa ko hakimi ya shaide ka, ka je sakatariyar ƙaramar hukuma a buga maka hatimi. Wanda aka haifi kakansa a Jos ko a Sabon Garin Kano yana iya tsayawa a layin nan a ce masa ya koma "garinsu", garin da bai san ko hanyar tasharsa ba. A Afrilun 1994 rikici ya ɓarke a Jos kan naɗa Bahaushe shugaban riƙo na ƙaramar hukumar Jos ta Arewa. A 2011 gwamnatin Abia ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalin jihar ba, ciki har da Ibo 'yan maƙwabtan jihohi. A ganina nan ne Sashe na 42 ya fi rauni, domin kowane ɓangare yana kuka da wariyar a inda yake baƙo, yana kuma cin moriyarta a gida.

Mata ma kundin bai gama yi musu adalci ba. Sashe na 26 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajistar zama 'yar ƙasa, amma baƙon da ya auri 'yar Najeriya bai samu wannan ba. An kai ƙudirin gyara majalisar tarayya a Maris 2022, 'yan majalisa suka yi watsi da shi.

Sashe na 42 na 'yan ƙasa ne kaɗai, kuma lafazinsa ya fi karkata ga dokoki da ayyukan gwamnati. Wanda kamfani mai zaman kansa ya kora don jinsi ko addini, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce hanyarsa. Wanda hukuma ta tauye kuwa, Sashe na 46 ya ba shi damar zuwa babbar kotu a jihar da abin ya faru, kuma ƙa'idojin shigar da ƙarar tauye haƙƙin ɗan Adam na 2009 sun cire wa irin wannan ƙara wa'adin lokaci, sun kuma ba ƙungiyoyi damar shigar da ita a madadin wani. Sai dai a adana takardar da aka rubuta dalilin ƙin, ko sanarwar da ta ƙunshi sharaɗin, don "an ce min" ba ya nisa a gaban alƙali.