Biyan kuɗin shafin kayan tafiyar daji marasa nauyi: riba ce ko asara?

A Amurka da Turai akwai mutanen da ke goya jaka su shiga daji da duwatsu a ƙasa, su yi kwanaki, wasu har watanni, suna kwana inda dare ya riske su. A cikinsu akwai rukunin da ya mai da rage nauyin kaya babbar sana'a, ana ce wa salonsu ultralight. Shafukan intanet da dama sun taso don yi musu hidima, kuma wasu ba sa buɗe maka ƙofa gaba ɗaya sai ka biya kuɗin zama mamba.

Wai mene ne wannan rage nauyin da ake ta magana a kai?

Lissafin nasu yana farawa ne da nauyin jaka ba tare da abinci da ruwa da gas ɗin girki ba, tunda waɗannan suna raguwa a hanya. Idan abin da ya rage, wato tanti da abin kwanciya da sutura da tukunya da ita kanta jakar, bai wuce kilo 4.5 ba, to ka shiga sahunsu. Wanda nasa ya kai kusan kilo 9 ana ce masa mai kaya mara nauyi, amma bai kai can ba tukuna.

Abin ba yau ya fara ba. A 1955 wata dattijuwa 'yar shekara 67, Emma Gatewood, ta taka hanyar Appalachian daga jihar Georgia zuwa Maine, tafiyar da a yau ta kai kimanin kilomita 3,500, da takalmin kambas da buhun da ta ɗinka da kanta, sai labulen banɗaki na leda da take fakewa da shi in ana ruwa. A 1992 kuma Ray Jardine ya fitar da littafinsa kan hanyar Pacific Crest, wadda ta miƙe daga iyakar Meziko zuwa Kanada, kimanin kilomita 4,265, ya nuna wa mutane yadda za su rage nauyin kayansu. Ka lura, duk su biyun da rage kaya suka yi suna. Sayen kaya masu tsada daga baya ya shigo.

To in mutum ya biya, me ake ba shi?

Ya danganta da shafin. Wanda aka fi sani a wannan fanni shi ne Backpacking Light, wanda Ryan Jordan ya kafa a Amurka. Irinsa na sayar da dogayen rubuce-rubuce kan gwajin kaya, da darussan tsara tafiya, da damar shiga tsofaffin bayanan da suka tara shekara da shekaru. Wasu shafukan kuma suna da kasuwar gwanjo tsakanin mambobi.

Kada a haɗa wannan da kuɗin manhajar taswira irin Gaia GPS ko AllTrails. Su abin da suke sayarwa shi ne ka sauke taswira a wayarka ta yi aiki a inda babu sabis. Wannan maganar tsira da rai ce, hukuncinta daban.

Ba ga bayani nan kyauta ko'ina ba? Me ya kai mutum ga biya?

Akwai shi jingim. YouTube cike yake da masu nuna kaya, Reddit na da zaure guda na masu wannan salo, shafin Halfway Anywhere kuma duk shekara yana tambayar waɗanda suka taka hanyar Pacific Crest abin da suka ɗauka da abin da ya ba su kunya, ya wallafa kyauta. Wanda ya zauna ya karanta waɗannan da natsuwa ya samu mafi yawan abin da yake bukata.

Inda gizo ke saƙar shi ne kamasho. Yawancin shafukan kyauta da ke jera maka "tantuna goma da suka fi kyau a bana" suna cin abinci ne daga mahaɗin da ke ƙarƙashin kowane kaya: ka latsa, ka saya, kantin ya yanka musu wani kaso. A Amurka hukumar kula da kasuwanci ta FTC ta wajabta musu su bayyana hakan, shi ya sa za ka ga wani ɗan rubutu ƙanana a saman shafi ko can ƙasa. Wannan bai sa su zama maƙaryata ba, da yawansu suna gwada kayan da gaske. Amma dillali ba ya ce maka ka koma gida da kuɗinka. Da wuya ka ga shafin da ke rayuwa da kamasho ya rubuta cewa tsohon tantinka ya ishe ka, ko ya ba wa ƙaramin kamfanin da ba ya biyan kamasho matsayi na ɗaya.

Hujjar masu karɓar kuɗin mamba ke nan: tunda mai karatu ne ke ciyar da mu, za mu faɗa masa gaskiya. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai a bincika. Akwai shafukan da ke karɓar kuɗin mamba kuma suna cin kamashon a lokaci guda. Kafin ka biya, nemi inda suka yi bayanin hanyar samun kuɗinsu, ka ga ko su ke sayen kayan da suke gwadawa ko kamfanoni ke aiko musu kyauta.

Wane irin gwaji ne ya cancanci a biya kuɗi a kansa?

Wanda aka yi da ma'auni, aka kuma faɗi yadda aka yi shi har wani zai iya maimaitawa. Ɗauki rishon gas. Kowane kamfani zai ce nasa na tafasa ruwa cikin 'yan mintuna, amma a ɗaki aka auna, babu iska. A kan dutse iska na kwashe wutar, rishon da ya yi fice a ɗaki sai ya shanye gas ninki. Wanda ya kunna fanka a gaban risho goma, ya auna gwangwanin gas kafin da bayan kowace tafasa, ya ba ka abin da ba za ka samu a jikin kwali ba.

Haka batun yadin Dyneema, wanda asalinsa daga yadin da iska ke turawa a jiragen ruwa na tsere ya fito. Tantin mutum biyu da aka yi da shi bai kai kilo ɗaya ba, ba ya shan ruwa, ba ya saki in ya jiƙe, amma kuɗinsa na haura dala 600, kuma gogayya da ƙasa mai tsakuwa na cinye shi. Mai bidiyon da ya buɗe kwali jiya ba zai iya gaya maka yadda tantin zai kasance bayan kwana ɗari a daji ba. Mai rubutun da ya yi shekara biyu yana kwana a ciki shi ne zai iya.

Amma akwai wuraren da ma'aunin ya riga ya zama na kowa. Jakar barci, wadda ake shiga cikinta a kwanta, tana zuwa da lambar sanyin da za ta iya ɗauka bisa ƙa'idar ISO 23537, katifar shimfiɗa kuma tun 2020 manyan kamfanoni suka koma auna ƙarfinta na tare sanyin ƙasa da ƙa'ida ɗaya ta ASTM. Waɗannan lambobin a jikin kayan suke, ba sai ka biya kowa ya karanta maka ba.

A taƙaice, wa ya kamata ya biya?

Wanda ke dab da kashe kuɗi masu yawa. In kana shirin sayen manyan abubuwa ukun nan, jaka da tanti da kayan kwanciya, kuɗin zai iya haura dala 1,000, kuma kuskure ɗaya a ciki ya fi kuɗin mamba na shekara nesa ba kusa ba. Haka wanda zai shiga dusar ƙanƙara ko wata doguwar tafiya ta watanni, inda kaya mara kyau ke iya kai mutum asibiti. Sai kuma mai ɗinka kayansa da kansa, wanda ke son sanin bambancin yadi da yadi.

Wanda ke fita sau biyu ko uku a shekara, kwana ɗaya ko biyu, da kayan da ya riga ya mallaka, ba ruwansa da wannan. A ganina ma cutarwa za ta fi yawa, don yawan karanta labarin sabon kaya na sa mutum ya raina nasa da ke aiki lafiya lau.

Wanda ba zai biya ba, ta ina zai fara rage nauyin?

Da sikelin kicin. Ka zazzage jakarka a ƙasa, ka ɗora kowane abu a kai, ka rubuta nauyinsa. Shafin LighterPack na yin wannan lissafi kyauta, takarda da biro ma sun isa. Nan za ka ga wandon da ka ɗauka guda uku alhali ɗaya ka sa, da tocila biyu, da babbar wuƙar da albasa kaɗai ta yanka, da kwalbar man shafawa cike taf don tafiyar kwana biyu. Bayan kowace fita ka ware abin da ba ka taɓa ba, ban da kayan agajin gaggawa da rigar ruwa, waɗannan ko ba a taɓa su ba suna nan. Kilo biyu ko ukun farko haka suke zubewa ba a kashe ko kwabo ba.

Ruwa ma lissafi ne. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Sanin inda za ka samu rafi a gaba, da ɗaukar abin tace ruwa, ya fi sauya tukunya da ta ƙarfen titaniyam mara nauyi rage nauyi.

Mai zaune a Najeriya ko Nijar fa, da ke son hawa duwatsun Shere a Jos ko Chappal Waddi a Taraba?

A nan ribar ta ƙara raguwa. Waɗannan shafuka an rubuta su ne don duwatsun Amurka da Turai: sanyi mai tsanani, da beyar da ke satar abinci, da hanyoyin da aka shata aka sa musu alama. Rabin bayanin bai shafi mai hawa Chappal Waddi ba, duk da cewa shi ne dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, kuma dare a can akwai sanyi. Abin da ya fi damun mai tafiya a nan shi ne zafi da ƙarancin ruwa da sauro da ƙaya, sai sanin halin tsaron hanya, wanda ɗan jagora na yankin ne kaɗai zai gaya maka. Ga kuɗin da dala ake biya, ga kayan da za su yaba maka yawancinsu ƙananan kamfanonin Amurka ne ke yi, kuɗin aikowa da na kwastan kuma a kanka.

Ko mai niyyar Kilimanjaro a Tanzaniya, mai tsawon mita 5,895, ba wannan ne abin da ya fi bukata ba. A can doka ta hana hawa ba tare da jagora mai lasisi ba, 'yan dako ne ke ɗaukar yawancin kaya, kuma ana samun hayar jakar barci da rigunan sanyi a Moshi da Arusha.

In na yanke shawarar biya, me zan kiyaye?

Ka fara karanta duk abin da suka bari a buɗe, ka ga ko salon gwajinsu ya gamsar da kai. Ka duba kwanan watan rubuce-rubucen, don kamfanoni na sauya kaya kusan duk shekara, kuma gwajin jakar da aka daina yi ba zai amfane ka ba. Ka shiga da tambayoyinka a rubuce, ka zaɓi mafi gajeren wa'adin da suke da shi, daidai lokacin da za ka yi sayayyar. Sannan ka tuna yawancin irin wannan rajista tana sabunta kanta ta cire kuɗi daga katinka ba tare da ta tambaye ka ba, don haka ranar da ka biya, ranar ce za ka shiga saituna ka kashe sabuntawar.