Wai mene ne "furomt" ɗin nan da masu haɗa hoto da AI ke ta faɗi?

Shekaranjiya wani dattijo ya shigo shagonmu nan Birnin Kebbi zai buga kalandar ƙungiyarsu ta manoman shinkafa, yana zaune yana jiran a kawo mishi samfur sai ya ji yaron da ke kan kwamfuta yana ce ma abokin aikinshi "turo min furomt ɗin jiya", sai ya waiwayo ya ce min, ɗana, mi ne ne kuma wanga furomt, wani sabon inji ne kuka sayo? Na yi dariya na ce a'a Baba, magana ce kawai. Ya ce to magana kuma har sai an turo ta? Wallahi tambayar ta fi ƙarfin amsar da na ba shi a lokacin, shi ya sa na ce bari in zauna in warware ta sosai.

Kalmar ta Turanci ce, prompt, kuma tun kafin AI, wato ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta, tana nan. A wasan kwaikwayo na dandamali idan ɗan wasa ya manta abin da zai faɗa akwai wanda ke laɓe a gefe yana raɗa mishi, wannan raɗar ita ma furomt ake ce mata. Yanzu kuma ta koma nufin rubutun da kake ba manhajar AI don ta yi ma aiki, a wajenmu masu hoto shi ne bayanin hoton da kake so ta zana. Wasu na fassara ta da umarni, ni dai ban gamsu ba, don umarni ana ba wanda ya riga ya san aikin ne. Kalmar da ta fi zauna min ita ce kwatance. Irin kwatancen da kake ma baƙo zai zo gidanku, in ka ce mishi "bayan masallaci" kawai to ka ɓatar da shi, masallaci nawa ne a garin? Haka manhajar nan take, baƙuwa ce, ba ta taɓa zuwa garinku ba.

Ga abin da ya sa na ce baƙuwa. Wani lokaci aka kawo mana aikin fosta mai hoton bikin kamun kifi na Argungu, yaronmu da zumuɗi ya rubuta a taƙaice cewa a zana bikin kamun kifi a Najeriya. Abin da ya fito sai da kowa ya taso ya gani, wasu mutane ne tsaye cikin jirgin ruwa mai inji riƙe da sandar fatsa, ɗaya har da hular kaboyi, ruwan shuɗi fes kamar teku. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kogin Matan Fada ya san ba haka abin yake ba, dubban mutane ne ke rugawa su faɗa ruwa lokaci ɗaya, kowa da gorarshi da homa, ruwan ya koma ja saboda laka, ana neman wanda zai fito da giwan ruwa mafi girma. Biki ne da ake yi tun 1934, UNESCO ma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, amma manhaja ba ta ba mu shi ba sai da muka yi mata kwatance dalla dalla: maza da yawa cikin ruwa mai laka iya ƙirji, kowa ya rungumi ƙatuwar ƙwarya zagayayya mai ƙaramin baki, raga ta hannu guda biyu masu kama da fukafukai, hantsi, ƙura a sama, jama'a cike da gaɓa. To wannan dogon bayanin shi ne furomt. Na farkon ma furomt ne, sai dai rago ne.

Dalilin baƙuntar tata ba ɓoyayye ba ne. Waɗannan manhajoji an koya musu ne da hotunan da aka kwaso daga intanet kowanne da rubutun da ke jikinshi, misali Stable Diffusion da ta fito a 2022 an horar da ita da hotuna daga wani rumbu mai suna LAION-5B, wanda ke da hotuna sama da biliyan 5. To a cikin wannan tulin nawa ne hoton fadamar Kebbi, nawa ne na gaɓar tekun Amurka? Abin da ta fi gani shi take kawo ma in ba ka tsare ta ba. Kuma ba wai tana ɗauko hoton wani ta miƙo ma ba ne, tana farawa ne da wani garari kamar talabijin ɗin da ba ta kama tasha ba, sai ta riƙa share shi kaɗan kaɗan tana karkatar da shi wajen abin da kalmominka suka nuna har hoto ya bayyana. Shi ya sa furomt ɗaya ke ba da hoto daban duk lokacin da ka tura, don garari na farkon ya canza.

Nan ne maganar aiki cikin jama'a ta shigo, don in kai kaɗai ne kana wasa da Meta AI a WhatsApp, wanda ya iso Najeriya a 2024, duk abin da ya fito ka yi dariya ka wuce. Amma mu biyar ne a shago, kuma kwastoma ba ya son jin labari. An taɓa ba mu aikin ɗan littafin wayar da kai kan tsaftar ruwan sha, shafi 12, da yarinya ɗaya da za ta riƙa fitowa a kowane shafi. Maigida ya raba mana shafuka don a gama da wuri. Da aka haɗa, yarinyar shafi na 2 baƙa ce mai hijabi ruwan toka, ta shafi na 5 fara ce da kitso, ta shafi na 9 kuma ta girma ta isa aure. Maigida ya jera su kan tebur ya daɗe yana kallo sannan ya ce, to wace ce ɗiyar a cikinsu? Ba wanda ya yi magana. Laifin ba na manhaja ba ne, kowa ya yi nashi kwatancen ne daga kanshi.

Tun daga ranar muka canza tsari. Furomt ya daina zama abin da mutum ke bugawa ya manta, ya koma kayan shago kamar tawada da takarda. Akwai fayil ɗaya a Google Docs da kowa ke iya buɗewa, kowane aiki da shafinshi, a sama an rubuta abin da muke kira uwar furomt, wato sashen da ba mai taɓawa: kamannin mutum, shekaru, tufafi, launuka, salon zanen ko na katun ne ko mai kama da na kyamara. Kai abin da za ka ƙara kawai shi ne abin da ke faruwa a shafinka, tana ɗiban ruwa, tana wanke hannu, shi ke nan. In ka ga dole a canza wani abu a uwar sai ka faɗa a guruf kowa ya sani.

Sai lambar da ake kira sid, asalin ma'anarta iri, irin shuka. Ita ce ke tsaida garari na farko da na faɗa, in ka riƙe furomt ɗaya da sid ɗaya a manhaja ɗaya za ka samu hoto kusan iri ɗaya. A Midjourney, ɗaya daga cikin manhajojin zana hoton, ana rubuta --seed sai lamba, kamar yadda ake rubuta --ar 3:4 don hoto ya fito a tsaye irin na fosta, ko --no don hana wani abu fitowa. Amma gaskiya sid kaɗai ba ya riƙe fuska in ka canza sauran bayanin, abin da ya fi mana aiki shi ne a zaɓi hoto ɗaya da kowa ya yarda da shi a riƙa haɗa shi da kowane furomt a matsayin abin koyi. Wato shi ma furomt ba lallai rubutu zalla ba ne, hoto ma kwatance ne, kamar ka kai ma tela tsohuwar rigarka ka ce irin wannan.

Wajen kafa abin kuma ba wuya, tsada ce dai, don da dala ake biya kuma kun san yadda dala take. Midjourney ta fara ne a 2022 ta cikin Discord, wata manhajar hira ta jama'a, mutum zai iya buɗe nashi zauren a can ya gayyato ta, ya ware ɗaki ga kowane aiki, a rubuta /imagine sai furomt, kowa na ganin abin da ɗan'uwanshi ya rubuta da abin da ya fito, wanda ni a ganina shi ne babban amfaninta ga masu koyo. Sai dai a kula, zaure ya zama naku ba ya nufin hotunan sun ɓoyu, a ƙananan tsarin biya hotunan na iya fitowa a shafinsu inda kowa ke gani, ɓoyewa sai a tsari mai tsada. Don haka mu doka ce, hoton amarya ko na iyalin kwastoma ba ya shiga can. ChatGPT ya fi sauƙi ga wanda Turancinshi bai nuna ba, don kana iya yi mishi hira ka ce gyara nan, rage can. Canva kuma ta fi dacewa in aikin na haɗa fosta ne gaba ɗaya.

Ana yawan tambayata ko za a iya rubuta furomt da Hausa. Ana iyawa, wasu na fahimta daidai gwargwado, amma kalmomin da suka fi zama namu su ne suka fi ɓacewa. Ka rubuta gora a ba ka kwalbar roba, ka rubuta babbar riga a ba ka riga mai girma kawai ba aiki ba aska. Mu yadda muke yi, muna fara rubutawa da Hausa don a nan tunanin ke fita sosai, wadda ke karɓar kwastoma ita ta fi kowa iya wannan don ita ke jin abin da mutum ke so daga bakinshi, sannan a juya shi Turanci ana kwatanta siffar abu maimakon kiran sunanshi.

Rubutu a jikin hoto kuwa mun daina ba ta. An samu ci gaba a Turanci, amma ƙ da ɗ da ɓ har yanzu sai ka ga ta mayar da su wani abu da ba Hausa ba ba Larabci ba, to hoton kawai muke karɓa, rubutu mu sa da hannunmu a CorelDraw. Kuma kafin a tura inji dole mutum biyu su duba, a ƙirga yatsu, a duba kunnuwa, a ƙara girman hoton in babbar bana ce ta ratayewa don kar ta fito dishi dishi.

Shi Baba mai kalanda da aka nuna mishi samfur na farko ya ce shinkafar ta yi kyau amma manomin ya yi tsaf da yawa, wa ke shiga fadama da farar shadda? Ya ce a naɗe mishi wando zuwa gwiwa, a sa mishi malfa, a sa laka a ƙafa, kuma lauje ya koma hannun dama. Yaron na bugawa yana faɗa. Da hoton ya fito na ce Baba ai ga shi kun rubuta furomt, ya ce shi dai a buga mishi kwafi 200 kafin Jumma'a.