Dokar da ta hana Sinawa shiga Amurka shekara 61

In an ce Amurka sai ka ji mutane na cewa ai ƙasar baƙi ce, kowa daga wani wuri ya zo. To amma ran 6 ga Mayu 1882 shugaba Chester Arthur ya sa hannu a wata doka da ta kira wata al'umma da sunanta ta ce kar su shigo, wato Sinawa.

Abin da dokar ta ce ba shi da yawa. Duk Basine lebura ba zai shiga Amurka ba har shekara goma, kuma ba kotun da za ta ba Basine shaidar zama ɗan ƙasa ko da a can ya yi furfura. 'Yan kasuwa da ɗalibai da malamai da jami'an gwamnati an bar musu ƙofa in sun kawo takarda. Kun ga kenan talaka aka nufa.

Abin da ke ci min rai wallahi, mutanen nan fa su ne yawancin leburorin kamfanin Central Pacific da suka shimfiɗa layin dogon da ya haɗa gabas da yammacin ƙasar a 1869, su suka fasa duwatsun Sierra Nevada da nakiya cikin dusar ƙanƙara kuma kuɗin da ake ba su bai kai na Turawa ba, amma aiki na ƙarewa tattalin arziki ya taɓarɓare sai aka juya aka ce su suka ƙwace wa mutane abinci. A 1885 a garin Rock Springs na yankin Wyoming Turawa masu haƙar kwal suka kashe Sinawa aƙalla 28 suka ƙone unguwarsu, ba wanda aka hukunta.

Da shekara goman ta cika sai aka sabunta da dokar Geary a 1892, wadda ta fi ta farko muni. Dole Basine ya riƙa yawo da takardar zama, in an kama shi babu sai ya kawo Bature ya yi masa shaida, in ba haka ba a tasa ƙeyarsa. A 1904 aka cire wa'adin gaba ɗaya, dokokin 1917 da 1924 kuma suka haɗa da kusan duk mutanen Asiya.

Sinawan ma ba su zauna ba. Gobarar da ta biyo girgizar ƙasar San Francisco a 1906 ta cinye takardun haihuwa, sai wasu suka ce a nan aka haife su, suka riƙa shigo da samari a matsayin 'ya'yansu alhali 'ya'yan takarda ne kawai. Shi ya sa a tsibirin Angel, inda ake tantance baƙi kusa da San Francisco a lokacin, aka riƙa tsare mutum makonni ko watanni ana titsiye shi, taga nawa ne a gidanku, matakala nawa a ƙofa, in amsar ɗa ta saɓa da ta uba shikenan. Har yau baitocin da suka sassaƙa a bangon katakon wurin suna nan.

An soke dokar a 1943, amma ni ban ɗauki hakan a matsayin tausayi ba. Yaƙi ake da Japan, Sin ƙawar Amurka ce, Japan kuma na ta yi musu gori da wannan doka. Kuma ko da aka soke, mutum 105 kacal aka yarda su shigo a shekara! Canjin gaske sai a 1965 da shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta rushe rabon biza bisa asalin ƙasa, kuma 'yan Afirka da dama har da 'yan Najeriya sun ci moriyarta.

Majalisar dattawa ta nuna nadama a 2011, ta wakilai a 2012. Yau jikokin waɗancan mutane suna cikin majalisar ita kanta, ga likitoci ga injiniyoyi. Sai dai da korona ta zo aka koma dukan tsofaffinsu a titi ana cewa su suka kawo cuta, kuma a Maris 2021 a yankin Atlanta wani ya harbe mutum takwas, shida cikinsu mata ne 'yan asalin Asiya.