Waiwaye: Yadda Tsibirin Hirta Ya Rasa Mutanensa

Ranar 29 ga Agusta, 1930, jirgin ruwan sojan Birtaniya mai suna HMS Harebell ya kwashe mutum 36 daga tsibirin Hirta, su ne ragowar al'ummar da ta yi ɗaruruwan shekaru a wurin. Su da kansu suka nemi hakan, a takardar koken da suka sa wa hannu a watan Mayu, suna roƙon gwamnati ta fitar da su kafin wani hunturun ya riske su. Mai son gane dalili sai ya bi lissafin mutanen ƙauyen, domin rayuwar Hirta tana buƙatar wani adadi na majiya ƙarfi, in aka yi ƙasa da shi ko abinci ba ya samuwa.

Hirta shi ne babba a tarin tsibiran St Kilda, cikin Tekun Atlantika, yamma da Sikotilan. Tsakaninsa da tsibirin North Uist kilomita 64 ne. Girmansa hekta 670, babu bishiya, ƙauye ɗaya ne tak a bakin wani lungun teku da ke kudu maso gabas, nan ne jirgi ke iya matsowa, shi ma sai iska ta yarda. In kaka ta wuce, galibi ba shiga ba fita har bazara. Yaren Gelik suke ji, ƙasar kuma ta gidan MacLeod ce, wakilinsu kan zo sau ɗaya a shekara ya karɓi haya. Da gashin tsuntsu da man tsuntsu da saƙar ulu ake biyan hayar, kuɗi bai shigo harkar ba sai can daga baya.

Noman sha'ir da dankalin turawa da kiwon tumaki duk ƙari ne. Babban abincinsu tsuntsayen teku ne, musamman wanda suke kira fulma, mai sheƙa a jikin tsaunukan da suka miƙe tsaye daga cikin ruwa, mafi tsawonsu ya haura mita 400. Kamun 'ya'yan fulma yana farawa ranar 12 ga Agusta, ya ɗauki kamar mako biyu, kafin su yi fiffike. Aikin mutum biyu ne aƙalla: ɗaya a sama ya dafe igiya, ɗaya ya sauka ba takalmi, ko da safa kawai, don yatsun ƙafa su kama dutse. Igiyar da, ta gashin doki ce ko wadda aka naɗe da fatar shanu don kada kaifin dutse ya cinye ta, kuma gadonta ake yi kamar gona. Wuyar fulma ita ce yana feso wani mai daga cikinsa da zarar ya tsorata, man nan kuwa shi ake nema, don haka dole a cafke wuyansa a murɗe kafin ya zubar. Sai a tsiyaye man a cikin busasshen tumbin wani babban tsuntsu, ganet, wanda ya zame musu salka. Man na fitila da haya, gashin na haya, naman a sa gishiri a ajiye don hunturu. A wajejen 1830 zuwa 1840 sukan kama kimanin 12,000 a shekara, a zube su wuri ɗaya a raba gida-gida.

Ajiyar ma da dabararta. A Hirta kaɗai akwai rumbunan dutse kimanin 1,260. Ana jera duwatsun bangon ba tare da laka ba, a bar kafofi da gangan don iska ta ratsa, a rufe sama da falalen dutse, a ɗora ƙasa mai ciyawa don ruwan sama kada ya sauka ciki. Iska ke busar da nama da harawa da makamashi, tun da rana ba abin dogaro ba ce a can. Kowace safiya kuma mazan garin kan taru a kan titinsu guda ɗaya, su yanke aikin ranar. Baƙi suka laƙaba wa taron suna majalisa, amma dalilinsa a fili yake: jirgi na kowa ne, tsauni na kowa ne, ba wanda zai iya fita shi kaɗai. Babu matsayar jirgi sai a farkon ƙarni na 20, don haka da hannu ake jawo jirgi kan duwatsu duk lokacin da aka dawo.

Da marubuci Martin Martin ya ziyarci tsibirin a 1697, ya ƙiyasta mutum 180. Adadin bai sake kaiwa haka ba. A 1727 wata annoba, wadda aka rubuta a matsayin agana, ta ci mafi yawan manyan garin. A lokacin akwai maza uku da yara maza takwas da aka kai kamun tsuntsu kan Stac an Armin, wani tsiron dutse mai tsawon mita 196 a tsakiyar ruwa. Ba a samu isassun hannuwan da za su tuƙa jirgi a ɗauko su ba, suka yi kusan wata tara a can, suna cin tsuntsu da kifi, sai a Mayun 1728 aka kwaso su. Masu ƙasar suka kawo sababbin iyalai daga tsibirin Harris. A 1758 mutanen sun kai 88, a tsakiyar ƙarni na 19 sun ɗan haura 100.

Sai 1852, lokacin da mutum 36 suka tashi zuwa Ostireliya a jirgi mai suna Priscilla. Kusan rabinsu sun mutu a hanya ko jim kaɗan da isa, akasari da ƙyanda, cutar da jikinsu bai taɓa sani ba. Kashi ɗaya cikin uku na garin ke nan ya tafi a rana ɗaya. Daga nan adadin ya tsaya tsakanin 70 da 80 har sama da shekara 60.

Abin da ya hana shi farfaɗowa shi ne mutuwar jarirai. Suna kiranta ciwon kwana takwas. Jariri zai zo lafiya, bayan 'yan kwanaki ya daina kama nono, muƙamuƙi ya ƙage, jiki ya sandare, kafin mako biyu an binne shi. Sarƙe-haƙora ce, wadda ungozomomi da ma'aikatan lafiya a ƙasar Hausa suka san ta sarai, kuma ta cibiya take shiga. Akwai shekarun da jarirai takwas cikin goma ke tafiya haka. Bayanin da aka fi yaɗawa shi ne man fulma da ake shafa wa cibiya, ko da yake masu bincike na baya-bayan nan sun yi ja da shi, suna nuni ga ƙasar wurin da abin yankan cibiya. Ko ma wanne ne, da limamin cocin garin, Angus Fiddes, ya dage a kan tsabtace cibiya irin ta asibiti, cutar ta ɗauke a farkon shekarun 1890. An makara: tsarar da za ta gaji igiya an riga an binne ta.

Taimakon waje ma ya zo da nasa kurakuran. Bayan guguwar 1860 an gina musu gidaje 16 masu rufin kwano. Kwanon bai jure iskar wurin ba, yana yoyo, yana tara raɓa a ciki, dole daga baya aka sauya shi da rufi mai kwalta. Tsofaffin gidajen masu kaurin bango, da aka raina, su suka koma garken shanu. Daga 1877 jiragen 'yan yawon buɗe ido suka fara zuwa da rani, suna sayen saƙa da ƙwan tsuntsu, suna barin mura. Kasuwar man fulma da gashi ta faɗi, garin ya koma dogaro da garin alkama da shayi da sukari na saye. In abinci ya yanke da hunturu, sai su rarake guntun katako, su sa wasiƙa a ciki, su ɗaura masa mafitsarar tunkiya da aka hura, su jefa a teku. Da dama sun isa gaɓar Sikotilan, wasu har Norwe.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kawo tashar sadarwa ta sojan ruwa, da albashi, da jirgi a kai a kai. Ranar 15 ga Mayu, 1918, jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya yi wa tashar ruwan harsasai, ba a rasa ran mutum ba sai ɗan rago ɗaya. Ɓarnar gaske ta zo ne bayan sojoji sun tafi, domin samarin da suka ɗanɗana kuɗi da labarin duniya sun bi bayansu. Daga mutum 73 a 1920, aka koma 37 a 1928. Mura ta kashe maza huɗu a 1926, a garin da kowane namiji ke da gurbinsa a jirgi. Gonakin ma suka gaza, kuma binciken Jami'ar Aberdeen ya nuna cewa takin gawar tsuntsu da toka da aka daɗe ana zubawa ya tara dalma a ƙasar. Ma'aikaciyar jinyar garin, Williamina Barclay, na cikin waɗanda suka ƙarfafa musu gwiwar rubuta koken 1930.

An kwashe tumakin gida aka sayar, karnuka kuwa aka nutsar da su a teku don ba za a tafi da su ba. Mafi yawan mutanen an sauke su a Lochaline, wani ƙauye a gaɓar yammacin Sikotilan, aka ba mazan aiki a hukumar gandun daji, su da ba su taɓa zama kusa da bishiya ba. Tsibiran sun koma hannun National Trust for Scotland, mai kula da wuraren tarihi, a 1957, shekarar da sojoji suka kafa tashar bin sawun makamai masu linzami a Hirta. UNESCO ta sa St Kilda cikin wuraren tarihi na duniya a 1986 saboda halittunsa, ta ƙara da tarihin mutanensa a 2005. Yau ma'aikatan tashar da masu bincike ne ke zuwa bi da bi, ba mazaunin dindindin. Ta ƙarshe cikin mutum 36 ɗin nan ta rasu a 2016 tana da shekara 93. Tana 'yar shekara takwas aka sa ta a jirgi.