Yagaggen naman alade

Yagaggen naman alade, wanda Amurkawa ke kira pulled pork, abinci ne na kudancin Amurka. Ana dafa kafaɗar alade a kan wuta kaɗan na tsawon sa'o'i har ta yi luguf, sannan a yayyaga ta zare-zare. A ido yana kama da dambun nama, sai dai shi ba a soya shi ya bushe, da romonsa ake ci. Musulunci da addinin Yahudawa sun haramta naman alade, don haka masu bin su kan yi irin wannan girki da naman sa ko kaza.

Tarihi

Turawan Sifen ne suka kai aladu nahiyar Amurka. Ana yawan ambaton ayarin Hernando de Soto, wanda ya sauka Fulorida a 1539 da ƴan aladu, a matsayin mafarin kiwonsu a yankin, kodayake wasu aladun sun biyo baya daga Ingila. Alade ya karɓi kudu saboda ba ya buƙatar hidima: a sake shi a daji ya ci da kansa, a kamo shi lokacin yanka. Naman irin wannan alade yana da tauri, shi ya sa aka saba gasa shi a hankali bisa garwashi a cikin rami. Tun wajen ƙarni na 18 irin wannan gashi ya zama abincin taro, na coci da na siyasa, kuma galibi bayi baƙaƙen fata ne ke kwana a bakin ramin suna juya nama. Bayan ƴanta bayi a 1865, zuriyarsu da dama sun riƙe sana'ar.

Kowane yanki da irin hannunsa. A gabashin Karolina ta Arewa alade guda ake gasawa, a zuba masa ruwan khal da barkono kawai. A garin Lexington na jihar Karolina ta Arewa kafaɗa kaɗai ake gasawa, a ƙara tumatir a miyar. Wani sashe na Karolina ta Kudu ya fi son miyar mastad, wadda ake dangantawa da baƙi Jamusawa. A Memfis ta jihar Tenesi kuwa, inda ake gasar gashin nama tun 1978, cikin burodi ake cusa shi tare da kwaɗon kabeji.

Shigowar tukunyar lantarki

Irving Naxon, wani Bayahude mazaunin Chikago, ya nemi rajistar wata tukunyar lantarki mai dafawa sannu a hankali a 1936, aka ba shi a 1940. An ce tunanin ya zo masa ne daga labarin wani faten wake da nama da danginsa a Lituweniya ke barin sa a tanda ya kwana domin ranar Asabar, ranar hutun Yahudawa da ba a girki a cikinta. Abin mamaki, tukunyar da ta samo asali daga girkin Yahudawa yau ta yi suna wajen dafa alade. Kamfanin Rival na birnin Kansas City a jihar Mizuri ya sayi kamfanin Naxon a 1970, ya fitar da tukunyar da sunan Crock-Pot a 1971. Ta samu kasuwa a daidai lokacin da matan Amurka ke ƙara fita aiki, domin ana ɗora girki da safe, a dawo da yamma a tarar ya nuna.

Yadda ake dafawa

Kafaɗa ake zaɓa saboda kitse da jijiyoyin da ke cikinta. Jijiyoyin sukan narke idan zafin cikin naman ya kai digiri 90 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyas, kuma shi ke sa naman rabuwa da kansa. Tsoka zalla bushewa take yi.

Ana shafe gunduwa mai nauyin kilo 2 ko kusa da haka da gishiri, garin tattasai, masoro, tafarnuwa da ɗan sukari. A shimfiɗa albasa a gindin tukunya, a ɗora naman, a zuba ruwa ko romo kamar rabin kofi, don naman zai fitar da nasa ruwan. Yakan ɗauki awa 8 zuwa 10 a ƙaramar wuta, ko 5 zuwa 6 a babba. Yawan buɗe murfi na fitar da zafi, ya jinkirta girkin. Idan ya nuna, ƙashin yakan zare ba gardama. Sai a yayyaga naman da cokula masu yatsu guda biyu, a kwashe man da ya taso, a mayar da naman cikin romon. Hukumar noma ta Amurka ta yi gargaɗi kada a saka daskararren nama a irin wannan tukunya kafin ya saki. Ragowar kan yi kwana 3 zuwa 4 a firji.

Saɓani

Masu gashin gargajiya ba sa ɗaukar na tukunya a matsayin gashi, tunda ba shi da ƙamshin hayaƙi ko baƙin ɓawon da garwashi ke yi. Wasu masu girkin gida kan saka naman a tanda na ƴan mintuna don gefensa ya soyu.

Makamantansa

A Meziko akwai carnitas na Michoacán da cochinita pibil na Yukatan, a Hawai kuma akwai kalua, wanda ake gasawa a rami.