Waiwaye: Yadda makabartun mazan jiya a Sin suka zama wuraren yawon buɗe ido

Tun da wata kotu a yankin Xinjiang na ƙasar Sin ta ɗaure wani mai wallafa hotunan tafiye-tafiye wata 7 a 2021, kan hotunan da aka ce sun wulaƙanta mamata a makabartar sojoji ta Kangxiwa, cacar bakin ba ta lafa ba a ƙasar Sin. Wasu na cewa matasa sun zubar da kunya, wasu na ganin hukuncin ya yi tsauri. Kowane ɓangare yana magana kamar jiya abin ya faro.

Farkon labarin sananne ne. Bayan ƙawancen 'yan kishin ƙasa da 'yan kwaminis ya wargaje a 1927, tudun Yuhuatai da ke birnin Nanjing ya zama filin da gwamnatin 'yan kishin ƙasa ke kashe 'yan kwaminis har zuwa 1949. A 1950 aka fara mayar da shi makabartar tunawa, daga baya aka gina hasumiya mai tsawon mita 42.3, don tuna 23 ga Afrilun 1949, ranar da birnin ya koma hannun 'yan kwaminis. Shekara da shekaru, yawancin masu zuwa irin waɗannan wurare 'yan makaranta ne da ma'aikata, a jere, da furanni a hannu. A sunkuyar da kai, a saurari jawabi, a koma gida.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne tsakanin 2004 da 2008. A ƙarshen 2004 aka fitar da tsarin da ya sanya wuraren juyin juya hali cikin harkar yawon buɗe ido, da niyyar koyar da tarihi da kuma kai kuɗi yankunan karkara da aka bari a baya. Sai 2008 ta zo da sauyi biyu a lokaci guda. Aka fara soke kuɗin shiga gidajen tarihi da ɗakunan tunawa, aka kuma mayar da Qingming, ranar sharar kaburburan kakanni a farkon Afrilu, hutun ƙasa. Kowannensu abin yabo ne, ai talakan da tikiti ke hana shi shiga ya samu hanya. Amma da suka haɗu, sai suka canza irin mutanen da ke tsallaka ƙofar. Yanzu magidanci ne da iyalinsa a ranar hutu, ba malami a gaba, ba mai cewa a yi shiru. Yuhuatai kuwa dama fili ne mai faɗi da itatuwa, inda dattawan unguwa ke motsa jiki da sassafe. Da jirgin ƙasa mai gudu ya haɗa Shanghai da Nanjing a 2010, wayar hannu mai kyamara kuma ta shiga kowane aljihu, sai wurin ya zama zango ɗaya cikin jerin wuraren da baƙo zai leƙa kafin yamma. Wanda aka gayyata a matsayin ɗan yawon buɗe ido, halin ɗan yawon buɗe ido zai nuna.

Dokokin kare martabar mazan jiya duk daga baya suka biyo. A 2014 aka ware 30 ga Satumba ranar tunawa da mazan jiya, a watan Mayun 2018 dokar kare martabarsu ta fara aiki, sannan daga Maris na 2021 ɓata musu suna ya zama laifin da zai iya jawo ɗaurin shekara 3. Kafin ta farko a cikinsu ta zo, an riga an yi kusan shekara 10 ana tallata wuraren ga masu yawon shaƙatawa.