Waiwaye: yadda aka yi har ta kai sai an tara wa 'yan dirama kuɗi

Tun daren da mawaƙa da masu barkwanci suka yi wasan gidauniya don ceto ƙungiyar wasan kwaikwayon nan ta unguwarmu ake ta cacar baki, har yau ba a daina ba. Wasu na cewa abin kunya ne ace ƙungiyar da ta girmi kusan duk wanda ya hau dandamali a daren sai an yi mata yekuwa kafin ta biya bashin haya ta gyara kwanon da yake yoyo, wasu kuma na cewa ai su mawaƙan da 'yan barkwancin waya su suka kashe wasan daɓe, wato wanda ake yi a gaban jama'a kai tsaye, yanzu kuma suka dawo nuna tausayi, akwai ma masu cewa a ƙyale abin ya mutu tunda zamaninsa ya wuce. Ni dai na je, na yanki tikiti, na zauna har aka tashi, kuma wallahi yaran nan sun kyauta, ba wanda ya karɓi ko sisi a cikinsu, mai kayan sauti ma kuɗin man janareta kawai aka ba shi. Abin da yake damuna shi ne yadda ake maganar kamar shekaranjiya ciwon ya kama, alhali ya fi shekara 40 yana cin jiki.

Farkon labarin kowa ya sani, ba sai na ja shi ba. Muna da wasanmu tun kafin boko, tashe in azumi ya kai goma, kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona, wasan gauta a gidajen sarauta, 'yan kama da 'yan gambara a kasuwa da wajen biki. Boko ta zo ta shigar da shi aji, Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana ɗalibi, su Shu'aibu Maƙarfi suka kai shi rediyo da littafi, talabijin ta fara aiki a Kaduna a 1962. A Samarun Zariya jami'a ta gina gidan wasa na laka a shekarun 1970, ɗalibanta suna shiga ƙauyuka irin su Soba da Maska suna shirya wasa tare da manoma. A Nijar kuwa zamanin ƙungiyoyin matasa na Samariya ne, su Yazi Dogo suna tashe a Damagaram. Ƙarshen labarin shi ma kowa ya haddace, ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, kaset ya karɓe kasuwa, aka koma CD, aka koma waya, ga shekarun dokar hana fita da tsoron taron dare bayan 2012, ga kullen korona na 2020, ga tsadar mai tun 2023. Duk gaskiya ne. To amma kafin kaset ɗin farko ya shiga kasuwa akwai abin da ya riga ya karye, kuma shi ne ban ji kowa ya ambata ba a duk wannan muhawarar.

Ka duba yawancin wasannin gargajiyan da na lissafa, abu ɗaya ya haɗa su, wanda ya kalla shi yake biya, hannu da hannu. Yaran tashe ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi a ƙofar gida, ɗan kama in ya sa ka dariya a take kake sa hannu a aljihu. Ƙungiyoyin dirama na unguwanni da suka yawaita a shekarun 1970 a kan wannan ɗabi'ar suka ginu, sai dai su sun mayar da ita kuɗin ƙofa.

Kawuna tela ne, shi ne ma'ajin ƙungiyar da ake ta magana a kai shekara da shekaru, kuma har yau littafin kuɗinsu na farko yana cikin akwatin ƙarfensa, irin babban littafin rajistar nan mai bango mai tauri, gefen shafukan duk gara ta taɓa. Bayan wasan gidauniyan na je gaishe shi ya ɗauko min shi. A ajin firamare suke rihazal bayan la'asar, ranar wasa su ɗaura zannuwan gado a igiya su zama labule, a kunna fitilar gas guda biyu, wanda zai fito a tsoho a manna masa gemun auduga a shafa masa toka a kai. Tikiti kuwa takardar littafin rubutu ce ake yayyankawa a buga mata hatimi, mutum biyu a bakin ƙofa, ɗaya da kwano ɗaya da tocila. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda ya raba kowane shafi gida uku da rula, gida ɗaya hayar benci da kananzir, gida ɗaya ɗan abin da za a raba wa 'yan wasa, na ukun kuma ya rubuta a samansa da jan biro, asusun fili. Wato tun a lokacin suna da niyyar sayen fili a bayan gari su kewaye shi ya zama nasu, lokacin da fili bai fi ƙarfin talaka ba.

Ina ta buɗa shafuka gida na ukun nan yana cika kaɗan-kaɗan, sai na zo wani wuri a cikin shekarun 1980 na ga ya fara zama wayam, shafi bayan shafi, daga baya ma ya daina jan layin. Na ce Kawu me ya faru a nan, sata aka yi muku? Ya ce a'a ɗan nan, ba wanda ya ci mana ko kwabo, nan ne muka fara shiga talabijin.

Abin da ya faru kenan, kuma ba su kaɗai ba. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa cikin 1980 tashoshi suka yawaita a jihohin Arewa, kowace tana neman abin da za ta cike fili da shi da Hausa, ga kuma ƙungiyoyi a shirye da 'yan wasansu da labaransu. Alheri ne babba, a nan duniya ta san Samanja Mazan Fama, ta san Ƙasimu Yero, ta san Karkuzu daga Jos, kuma duk wanda ya taso a lokacin ya san yadda ake cika tsakar gidan mai akwati ɗaya a layi, yara a ƙasa manya a tabarma. Amma kaga, yaron da jiya sai ya yi tallan gyaɗa ya tara kuɗin ƙofa, yau ga diramar nan ta zo masa kyauta, kuma da fuskokin da suka fi na unguwarsu suna. Su kuma 'yan wasan, wanda aka gani a akwati ko sau ɗaya ne ya zama wani abu, a kasuwa ana nuna shi ana kiransa da sunan da ya fito da shi, to wa zai tsaya shan wahalar ɗaura zani a igiya? Rihazal bai tsaya ba, ya ma ƙaru, sai dai yanzu ba don mutanen unguwa ake yi ba, don ranar da za a kira su ɗauka ake yi. Wasan gaban jama'a da ake yi kusan duk wata ya koma sai da sallah, daga baya sai in wani babba zai zo.

Sai kuma abu na biyu ya biyo baya wanda ni a ganina ya ma fi na farkon zafi, wato wasan faɗakarwa na kwangila. Masu aikin wayar da kai kan rigakafi da tsafta da karatun manya suka gane cewa ba abin da yake tara mutane kamar dirama, sai su ɗauki ƙungiya su biya ta a dunƙule, a je dandali ko bakin kasuwa a yi wasa kowa ya kalla kyauta. Niyyar mai kyau ce kuma an amfana, ba na musun wannan. Kawu ya ce kuɗin wasa ɗaya irin wannan ya kan fi abin da suke tarawa a ƙofa sau da yawa, to ka ce wa zai ƙi. Amma shi kuɗin kwangila rabawa ake yi a ranar, saboda kowa yana ganin ladan aikinsa ne, ba wanda ya taɓa tunanin a cire wa asusun fili wani abu a ciki. Sannan labarin ma ya canza, da mai rubutawa yana tunanin me zai sa mai shayi da matar aure da ɗan makaranta su fito da kuɗinsu su kuma dawo wani watan, yanzu yana tunanin saƙo nawa aka ce a saka. Mutanen unguwa su ma suka koyi nasu darasin, cewa dirama abu ce da wani yake biya kai kuma ka zo ka tsaya ka kalla. Ranar da ƙungiyar ta sake gwada sa kwano a ƙofa sai aka riƙa tambayarsu, yau kuma kuɗi ake biya?

Shi ya sa lokacin da fim ya zo bai sha wata wahala ba. Ƙungiyoyin sun riga sun saba da kyamara, sun riga sun yi nisa da 'yan kallonsu, ba su da gini ko fili da zai riƙe su, to sai kawai suka kwashe suka shiga, kuma da yawan manyan Kannywood na farko daga irin waɗannan ƙungiyoyi suka fito, marigayi Rabilu Musa Ibro ma ta wasan daɓe ya biyo. Waɗanda suka rage a baya, irin su Kawu da ba su iya barin sana'arsu su bi lokeshan ba, su ne suka ci gaba da yawo daga aji zuwa zaure, daga zaure zuwa tsohon siton da suke haya yanzu, wanda in aka yi ruwa sai an jera bokitai a kan dandamali. Wajen da suka so sayen filin nan kuwa yau unguwa ce cikakkiya har da kwalta.

Don haka masu ɗora wa yaran barkwancin waya laifi su yi haƙuri, lokacin da layin nan na uku ya ɓace daga littafin Kawu ba a haifi ko ɗaya a cikinsu ba. Hasali ma su ne suka yi abin da aka daɗe ba a yi ba a wannan siton, suka sa mutanen unguwa suka yi layi suka biya kuɗi a ƙofa ba tare da gunaguni ba, na ga wata dattijuwa ta kwance bakin zaninta ta biya wa jikokinta uku, na ga masu adaidaita sun ajiye kekunansu sun shigo. Abin da ban sani ba a daren sai daga baya shi ne ɗaya daga cikin mawaƙan a wannan siton ya fara riƙe makirfo yana yaro, shi ya sa ya tattaro sauran.

Kuɗin da aka tara an biya bashin haya da shi, an sayi kwano, kafinta ya fara aiki. Yanzu sun sa ranar wasansu na farko bayan gyara, nasu na kansu ba baƙon mawaƙi ko ɗaya, kuma a zaman da suka yi ranar Asabar an rabu biyu, matasan ciki suna cewa a bar ƙofa a buɗe don in aka ce kuɗi ba wanda zai zo, Kawu da sauran dattawa biyu suna cewa ko nawa ne a sa, ko da benci uku ne za su cika. Ba su cimma matsaya ba, sun ɗage zuwa wani satin. Shi dai Kawu ya riga ya aiki jikansa kasuwa ya sayo masa sabon littafi da rula.